Ba Metir Lawali ya ƙona kalkilater ɗin motata ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina tsaye ana loda mani buhunan wake anka kira ni: Metir Lawali ya rasu. Mai gyaran wutar mota, wanda garajinshi ke bayan tashar Madarunfa. Sai da na zauna bisa buhu.

Yanzu munka dawo daga maƙabarta. Na gaji, amma akwai maganar da in ban rubuta ta yau ba, na san halina, ba zan rubuta ba.

Waɗanda sunka san ni sun san ba wanda ya ɗora ni. Aji uku na yi a kolej na bari. Da kekuwa na fara kai kaya kan iyaka, sannan babur, sannan wata tsohuwar bashe, wato a-kori-kura, da na tuƙa shekara da shekaru. Duk wahalar nan Metir Lawali na kusa. Ranar da wayoyin motata sunka kama wuta a hanyar Gabi, cikin ruwan sama ya zo bisa babur, jiƙe sharkaf, yana dariya yana cewa, "Alhaji, motarka ta fi ka son ganina."

In ya canza maka abu, sai ya ƙulle tsohon cikin leda ya miƙo maka. "Riƙe, ka gani da idonka."

Shekara biyu da sunka wuce na sayi katkat, motar shiga daji, ta zamani, irin wadda ke da kalkilater, wato ƴar kwamfutar da ke ba injin umarni. Na kai mishi ya ƙara mani fitilu. Kwana biyu bayan nan na kai ta wajen mai walda a ɗora mata ƙarafa a baya don ta ɗauki kaya da yawa. Gobe kasuwa, ina sauri. Mai walda ya ce, "Alhaji, a cire kan batir?"

Na ce mishi, "Shekara nawa ana yi ma tsohuwar motata walda ban taɓa cire komi ba? Yi aikinka."

Ya yi aikinshi. Munka murɗa makulli, ta ƙi tashi. Injin na juyawa, ba ya kamawa.

Sai da anka jawo ta zuwa tasha. Direbobi sun taru, kowa na kallon sabuwar motar Alhaji ana ja da igiya. Wani ya tambaya wa ya taɓa wutarta. Na ce Lawali. Ban tsaya nan ba. Na ce ya tsufa, motar zamani ta fi ƙarfinshi, ya ƙona mani ita. Da ƙarfi na faɗa, don duk tashar ta ji.

Ya zo da na'urarshi ta bincike, wadda suke ce ma baliz. Ya jona, ya daɗe yana kallo. Ya zagaya baya, ya shafa sabon ɗinkin walda da yatsa. Ni dai ina jiran ya tona ni gaban mutane.

Sai ya ce, "Kalkilater ta tafi. A bar mani motar."

Kwana huɗu yana zirga-zirga Maradi, yana bin masu sayar da kayan motocin da anka kwance, da tsohuwar kalkilater ɗin a aljihu don lambar da ke jikinta ta zo daidai. Ta farko da ya kawo ta ƙi. Ta biyu ta dace, amma sai an haɗa ta da makullin mota ta san shi, in ba haka ba ba ta barin injin ya tashi. Wannan aikin bai iya ba. Bai ɓoye ba, ya je ya ɗauko wanda ya iya, ya tsaya yana kallo yana rubutawa a kwalin siga.

Ranar da ta tashi mu biyu ne kawai a garaji. Ya miƙo mani tsohuwar cikin leda, ya ce a hankali, "Alhaji, wannan motar ba irin waccan bashen ba ce. Gaba in za a yi walda, a cire kan batir."

Na ce to.

To kaɗai na ce.

Ban koma tasha na gyara maganata ba. Ina ji ana cewa kada a kai ma Lawali sabuwar mota. Ina gani masu katkat sunka koma Maradi, shi ya rage da tsofaffin motoci da babura. Kullum sai in ce gobe. Ni da nake alfahari ban taɓa sunkuyar da kai gaban kowa ba.

Ganina da shi na ƙarshe, makon jiya ne, wajen masu kifi a bakin tabki. Ya rame, rigar ta yi mishi yawa. Na riƙe hannunshi, maganar ta zo har bakina, sai na hango direbobi biyu suna tahowa. Na ce, "Metir, ya jiki?"

Ya ce, "Da sauƙi. Tana tashi?"

Na ce bugu ɗaya.

Ya ce, "To madalla," ya ɗauki kifinshi ya tafi.

Yau kafin a yi mishi salla liman ya ce duk wanda mamaci ya ɓata ma rai ya yafe mishi. Jama'a sunka amsa, mun yafe. Ni fa? Me zan yafe?

Da munka dawo na ja wanshi, Malam Habu, gefe. Na ce, "Malam, akwai maganar motata." Bai bari na ƙarasa ba. Ya ce, "Ta walda? Ai tun ranar ya faɗa mana a gida. Na ce bari in je tasha in faɗa, ya hana ni. Ya ce a bar Alhaji, babban mutum ne, zai zo da ƙafarshi."

Ban zo ba.

To ku ji, ku direbobin Madarunfa, da na Safo, da na Gabi, da duk wanda maganar ta kai gare shi ta bakina: ƙarya na yi ma Metir Lawali. Ni na hana a cire batir, ni na ƙona kalkilater ɗina. Hannunshi bai taɓa ɓata mani mota ba. Wanda ya iya karatu ya karanta ma wanda bai iya ba. Gobe da safe ina tasha, inda na tsaya na faɗi waccan, nan zan tsaya in faɗi wannan.

Ya Allah ka jiƙan bawanka Lawali, ka yalwata kabarinshi, ka rufa mishi asiri kamar yadda ya rufa mani. Ka tsaya ma iyalinshi.

Don Allah duk wanda ya karanta ya yi mishi addu'a, ko da Ƙulhuwallahu guda ce. In kun gama tashi addu'ar, ku roƙa mani gafara ni ma.