Jikin Yaya Na-Saba

Yayana mai sa tayil ne, kuma a wajen aiki Na-Saba kowa yake kiransa. Shi ya jawo wa kansa sunan. In ka ce masa rana ta yi zafi, ya shiga inuwa, sai ya ce, "Na saba." In ka ce siminti ya cinye masa tafin hannu, ya saba. Matarsa ta taɓa ce masa ko a wuta aka jefa shi, sai ya leƙo ya ce ya saba. Bai ji haushi ba, dariya ya yi har da buga cinya.

Yini yake a durƙushe a kan wani tsohon buhu da ya ninke, gudumar roba a dama, ma'aunin ruwa na duba daidaiton tayil a hagu. In ya gama banɗaki sai ya watsa ruwa a ƙasa ya tsaya yana kallo. Ruwan ya kuskura ya kwanta a wani lungu, to layin nan gaba ɗaya sai ya ɓamɓare shi. Ni ce autarmu, shi ya riƙe ni bayan rasuwar babanmu, don haka ina da bakin faɗa masa magana, kuma ba na ragawa.

Wata rana ya ɗauki kwalayen tayil zai hau bene, ƙafa ta zame, wani abu ya goce a ƙashin bayansa. Aka yi masa aiki a asibiti, aka sallamo shi da ƙwayar kashe ciwo mai ƙarfi, dangin taramol, aka ce ta ɗan lokaci ce. Ɗaya da safe takan kai shi har yamma. Sai ya koma aiki tun ba a ce ya koma ba, da ta asibitin ta ƙare kuma ya ci gaba da saye da kansa.

Ba a daɗe ba ɗaya ta daina kai shi ko tsakar rana. Yaya ya ce jabu aka sayar masa. Ya je ya wanke mai kantin magani tas, ya sake kanti. Ta can ma ta yi kwana biyu ta zama jabu. Ya koma shan biyu, ya koma uku, yana ta tsine wa masu yin jabu. Na ce, "Yaya, duk garin nan kai kaɗai suke ajiye wa jabun?" Ya ce in rufe masa baki.

Da na ishe shi da mita, ya ce zai nuna mini ba komai ba ce, ya daina sha lokaci guda. Washegari na same shi a falo yana ta hamma, hawaye da majina suna zuba, tsikar jikinsa ta tashi alhali gumi ya jiƙa masa riga. Ƙafafunsa sun ƙi zama wuri ɗaya, ga gudawa. Ya ce zazzaɓi ne. Aka ba shi maganin zazzaɓi, ko gezau. Da ya haɗiyi ƙwayarsa, kafin matarsa ta sauke tukunya ya miƙe yana neman takalmi. Ya dube ni ya ce, "Kin gani? Har zazzaɓi take warkarwa." Ranar ce na fara jin tsoro sosai.

Da ƙyar na ja shi wajen likita, wata dattijuwa mai magana a hankali. Ta saurare shi har ya gama labarin jabu, sannan ta ce, "Malam, ƙwayar nan ba ta canja ba, jikinka ne ya canja. Akwai wasu wurare a ƙwaƙwalwa da laka da maganin yake sauka ya danne ciwo. In yana zuwa kullum, sai jiki ya rage wuraren nan, waɗanda suka saura kuma su daina amsawa kamar da. Shi ya sa ɗaya ta daina isarka."

Yaya ya ce, "Zazzaɓin fa?"

Ta ce, "Ba zazzaɓi ba ne. Maganin yana kwantar da hanji da jijiyoyi, jiki kuma yana turawa ta ɗaya ɓangaren don ya daidaita. Kamar mutum ne yana tura ƙofar da aka tokare. In aka cire abin tokarewar lokaci guda, sai ya faɗa ciki. Ba lalacewar hali ba ce, kowane jiki haka yake yi."

Ta tsara masa yadda zai riƙa ragewa kaɗan-kaɗan. Sai ta ƙara da wata magana, ta maimaita ta ina zaune. Ta ce in ya rabu da ita, sabon da jikinsa ya yi da ita zai gushe. Yawan da yake sha yau yana tafiya da ƙafarsa, in ya sha shi bayan ya daina, zai iya tsayar masa da numfashi. Yaya ya yi murmushi ya ce, "Likita, ai ni Na-Saba ake ce mini." Ita ba ta yi murmushi ba.

Ya kuwa yi ƙoƙari, wannan ba zan hana shi ba. Watanni ya yi yana ragewa, yana masifa, yana jifa da filo, har ya rabu da ita. Ya yi ƙiba, ya koma tsokanar 'ya'yansa. Na saki jiki.

Sai ya samu aikin wani gida mai matakala da yawa. Matakala ita ce mafi wuya a sana'arsu, domin a sunkuye ake yini ana yanka ana jerawa. Ciwon bayansa ya motsa. Bai gaya wa kowa ba, ya biya kanti da safe, ya sha daidai yadda yake sha a da.

Mai fenti ne ya ba ni labarin sauran. Ya ce da rana Yaya ya jingina da bango a ƙarƙashin matakala, buhunsa a gefe. Suka ji yana minshari mai ƙarfi, wani iri, yana yi yana tsayawa. Mai aikin famfo ya ce a tashe shi, mai fenti ya ce a bar bawan Allah ya huta, tun da suke da shi ba su taɓa ganin ya kwanta a wajen aiki ba. Har rage ƙarar rediyo suka yi masa. Da suka zo tashi, leɓɓansa sun riga sun canja launi, rai ya yi halinsa. Ban ga laifinsu ba. Wa ya taɓa gaya musu irin wannan minsharin na mai neman numfashi ne?

Gudumarsa tana wajena, a cikin durowar keken ɗinkina. Haushinsa nake ji har yau, kuma kewarsa tana hana ni cin abinci. Kwanaki wata maƙwabciya ta shigo ta same ni ina kuka, ta dafa ni ta ce, "Ki yi haƙuri, Auta, a hankali za ki saba."

Na ce mata, "Don Allah, Inna, ki yi mini wata addu'ar."