Ƙanina Ya Rufe Fuska, Saniyar Baffa Ta Tona Shi

Shekarun baya, muna gidanmu na unguwar Ɗan Iya, ƙanina ya sa na yi wa saniya addu'ar da ban taɓa yi wa kaina ba.

Shi da abokansa suka haɗa ƙungiyar kiɗa, irin mai jita da gangunan Turawa. Mai rera musu a coci ya koyi waƙa, mai ganga kuma a barikin soja na Shadawanka ya tashi, ƙanina ke kaɗa jita. Ni kaɗai na sani a gida. Boko ban yi nisa ba, fita ba ta dame ni ba, amma kunnena ko tafiyar kyanwa ba ta wuce shi.

Mahaifinmu, Baffa muke ce masa, Bafulatani ne da ya zauna gari, rabin ransa na ruga wajen shanunsa. Ya taɓa faɗa cewa ɗan da ya zama makaɗi ya nemi wani uban. Baffa kuwa ba ya maimaita magana.

Da waƙarsu ta fita, a wani gida a GRA aka ɗauki bidiyon farko, ƙanina na can baya cikin hayaƙi. Muka tsira. Waƙa ta karɓu, ko keke ka shiga ita ce. Sai suka yi mata bidiyo na biyu a daji. Ƙanina ya naɗe fuska da rawani, ya ɗora malfa, ya kawo mini waya yana alfahari ko Inna ba za ta gane shi ba.

Kafin in kalli hoton, na ji kukan saniya a farkon waƙar, wani kuka mai shaƙewa a ƙarshe. Na ce, "Kai, wannan ba farar saniyar Baffa ba ce, mai ciki?"

"Adda, saniya ai saniya ce."

Ɗan birni ke nan. Ya manta danginmu sun fi riƙe fuskar saniya a kan ta mutum.

Daga ranar, duk sallamar da aka yi sai na leƙa in ga ko wane ne. Har gishiri na zuba a kunu. Wata Juma'a bayan masallaci kawunmu ya zo daga ruga, suka zauna da Baffa a soro. Na laɓe bayan ƙofa da tsintsiya, ina share wuri guda. Na ji jita ta tashi daga wayar kawu, na ji kukan nan. Baffa ya ce a sake kunnawa. Sannan ya sa a kira ƙanina.

Bai ɗaga murya ba, abin da ya fi razana ni ke nan.

"Dubi kunnuwanta, dubi yadda ta firgita. Mai ciki ka kai wa wannan ƙara. Tafi ruga ka zauna da ita. In ta haihu lafiya, ka dawo. In ta yi ɓari, ka san inda za ka nufa."

Makonnin nan ban ga irinsu ba. Inna sai ta cika kwanon ƙanina da tuwo ta tuna ba ya nan. Ni kuwa kowace sujjada saniya ce a bakina.

Wata safiya ina madafi wayar Baffa ta yi ƙara. Kafin kawu ya gama gaisuwa, na jiyo wani siririn kuka a bayan muryarsa. Maraƙi. Na zauna dirshan a ƙasa, miya na ƙonewa ban kula ba.

Ƙanina ya dawo baƙi wuluk, ƙafafu duk cizon kaska. Baffa ya dube shi ya ce kiɗansa ya tsaya nesa da garke. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma mun san a bakin Baffa wannan sassauci ne babba.

Na koyi cewa abin da ka raina a gidanku, shi ke fara kiran sunanka a waje. Har yau in aka sa waƙar a biki kowa na rawa, ni kuwa da saniyar ta yi kuka sai in fara motsa baki ina cewa Allah Ya sauke ta lafiya. Alhali maraƙin nan yanzu ya haifi nasa.