Yadda Kunun Gwaggo Ya Shiga Mujallar Turawa

In dai ina numfashi, ba na jin zan manta da ranar da aka yi wa yayana walimar zama farfesa a ƙofar gidanmu da ke Anguwan Rogo a Jos. Shekaru sun ja, amma har yau in aka miƙo mini makirfo a wurin taro sai abin ya faɗo mini a rai.

Yayan nawa masanin cututtuka masu yaɗuwa ne. Iyakar abin da muka sani ke nan a gida. Wani lokaci ya shiga ƙauyuka ya dawo ya yi baƙi ƙirin, wani lokaci ya hau jirgi ya dawo mana da cakulan. In an tambaye shi aikinsa sai ya ce, "Bincike muke yi," mu kuma mu gyaɗa kai kamar mun gane. An ce a jami'a ba a zama farfesa sai mutum ya tara maƙalun da aka buga a mujallun ilimi, nasa kuwa sun taru har sun yi tsibi. Babu wanda ya taɓa karanta ko ɗaya a danginmu, har da ni da nake koyar da Hausa a sakandare, ake mini kallon ɗan boko na biyu a gidan.

Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, ita ta riƙe mu bayan rasuwar mahaifiyarmu, kuma da sana'ar kunun zaƙi ta ɗauki ɗawainiyarmu. Akwai wata shekara da Yaya ya yi watanni yana tsayawa da safe ya ɗauki 'yan gororin kunun ya jera a wata ƙaramar kula mai ƙanƙara. Tun daga nan Gwaggo ta samu abin talla. Duk wanda ya zo saye sai ya ji cewa Dakta guda ma ba ya iya fita aiki sai da kununta.

Ranar walima an kafa rumfa, an jera kujeru, an ɗaura lasifika biyu, ɗaya tana kallon titi, ɗaya tana kallon cikin gida saboda mata. Ni aka ba gabatarwa. Wani abokin aikin Yaya, mutumin Anguwan Rukuba da ya koyi Hausa a gari, ya miƙo mini takardun da ke ɗauke da sunayen maƙalun, Yaya kuma ya raɗa mini cewa in karanta kaɗan da Turanci in wuce. Na fara ke nan, ina tauna wasu kalmomi masu tsawon igiyar guga, sai liman ya ɗaga hannu.

"Malam, wa zai ji wannan a nan? Ai kai malamin Hausa ne. Mayar mana da shi, mu san abin da ɗanmu ya yi, mu sa masa albarka da hujja."

Abin da ban sani ba sai a ranar shi ne, Turanci babbar riga ce. Yana rufe abubuwa da yawa. Da na cire wa maƙala ta farko rigarta, sai ga ta tsirara: binciken tsutsar ciki ne a bahayar 'yan firamare. A lokacin an raba wa jama'a masa da miyar taushe, na ga hannaye sun tsaya tsakanin kwano da baki. Wani dattijo tela da ke layin gaba ya juya ya dubi na kusa da shi ya ce, "Wato duk shekarun nan kashin yara yake dubawa?"

Ta biyu a kan fitsarin ɓera ce da zazzaɓin Lassa. Ta uku a kan kakin masu tarin fuka. Samari 'yan keke da ke tsaye a baya suka fara ƙyaƙyatawa, wani a cikinsu ya ce ashe farfesan ƙazanta muka samu. Na hango Yaya cikin shaddarsa mai ɗaukar ido yana yi mini alama da hannu a wuya. Ni kuwa taro ya karɓe ni, daɗi ya ɗebe ni, na ɗauke kai na sauka layi na gaba. Sai da Hausar ta gama fita daga bakina na ji abin da na faɗa: ƙwayoyin cutar gudawa a cikin kunun zaƙi da zoɓon da ake sayarwa a wasu unguwannin Jos.

Kowa a rumfar nan yana riƙe da gorar kunun Gwaggo. Wurin ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar robobi ana ajiye su ƙarƙashin kujera a hankali, kowa yana yi kamar ba shi ba. Liman, wanda ya riga ya shanye tasa, ya dafa cikinsa yana kallon sama.

Can sai labulen zaure ya motsa. Gwaggo ce, mayafi a karkace, ludayi a hannu. Ba ta ɗaga murya ba. "Dakta, zo nan," ta ce. Ta ƙi cewa farfesa. Sannan ta nuna ni da ludayin. "Kai ma mai bakin, biyo shi."

A zaure ta tsayar da mu kamar lokacin da muke yara in mun fasa tulu. Ta ce, "Gororin nan da kake ɗauka da safe, sha kake yi ko aunawa?"

Yaya ya gyara hula. "Gwaggo, wasu ina sha."

"Me ka gani a ciki?"

"Ai ba naki kaɗai ba ne, wurare da yawa muka bi. Kuma ban rubuta sunan kowa ba."

"Ban tambaye ka na wasu ba."

Mutumin da yake tsayawa gaban manyan masana a ƙasashen waje, ranar nan ƙasa yake kallo. Ya ce kunun da ya sauka daga wuta lafiyarsa lau, matsalar tana cikin tsofaffin gororin da ake sayowa ana ɗaurayewa da ruwan rijiya. Shi ya sa a lokacin ya kawo mata wata ƙatuwar tukunya da sababbin gorori, ya ce ta riƙa wanke su da sabulu da tafasasshen ruwa, wai kunu ya fi daɗewa bai yi tsami ba. Da ya sake aunawa bayan nan bai ga komai ba.

"To me ya hana ka gaya mini gaskiya?"

"Nauyinki na ji, Gwaggo."

Na zata kuka za ta yi, sai na ga ashe lissafi take. "Ka ji nauyina, ba ka ji nauyin Turawa ba. Bature yana ƙasarsa ya san abin da ke cikin gorata, ni mai gorar ban sani ba. To ni ka saya mini tukunya. Sauran matan da muke sana'ar nan tare fa, su wa ya gaya musu? 'Ya'yan mutane ne ke shan nasu."



Hukuncin da ta yanke mai sauƙi ne. Ya fita ya karɓi makirfo, ya yi wa jama'a bayani da Hausa, ba sirkin Turanci, sannan ya sha kunun a gabansu. Haka aka yi. Duk sanyin Jos sai da farfesa ya yi gumi, yana laluben kalmomi, in ya maƙale ya waiwayo ni, ni kuma in yi kamar ban gan shi ba. Amma ya faɗi abin da ya kamata: yadda cuta ke bin ruwa da hannu da mazubi, da yadda ake tare ta. Ya ɗaga gora ya shanye. Gwaggo ta aiko da wata. Ya shanye. Da ta uku ta iso, abokin nan nasa ya tausaya masa ya karɓe, ya kurɓa, ya juya wajen zaure ya ce da irin Hausarsa, "Mama, kunun ka ya ci jarrabawa." Aka kwashe da dariya, hannaye suka fara komawa ƙarƙashin kujeru.

Ba wai abin ya wuce salin-alin ba ne. Cinikin Gwaggo ya yi sanyi na ɗan lokaci, don magana in ta shiga unguwa rabinta ake ɗauka. Ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwata da kyau, in na shigo sai ta ce wa matan gida su yi shiru, gidan rediyo ya iso. Amma a makon da ya biyo baya ta tara masu kunu da zoɓo na layinmu a tsakar gida, ta zaunar da farfesa a kan tabarma, suka yi ta yi masa tambayoyi har ya rasa lacca. Wata ta tambaye shi ko nata ma ya auna. Ya ce amanar bincike ta hana shi faɗa a gaban mutane, ta same shi a gefe. Da aka tashi, layi aka yi a gefen.

Abin da ranar ta koya mini biyu ne. Duk ilimin da aka samo a jikin mutane, su ya kamata su fara jin sa, da harshen da suke ji, kafin a kai wa na nesa su yi tafi. Na biyun kuma nawa ne ni kaɗai: kowace takarda aka miƙo maka a taro, ka karanta ta a zuci har ƙarshe kafin ka kai baki kusa da makirfo.