Wanzamin Garin Bahagwai

Duk wanda ya ce miki Alƙahira ba ta sanyi, bai taɓa zama a ɗakin saman bene a Ainu Shams ba. Mu can muka tashi, a kan rufin wani tsohon gini: ɗaki biyu, da ɗan fili inda matan gidan suke hawowa shanya, sai kejin tattabarun maƙwabcinmu a gefe. In sanyi ya kama, isha'i da wuri take yi. Ana idarwa Iya za ta jawo kaskon gawayinta bakin ƙofa, ta binne dankali a toka, ni da yayata Hinde mu naɗo bargo ɗaya mu zauna. Can ƙasa motoci na ta hon, mu kuwa kunnenmu yana bakin Iya.

Iya ita ta haifi Ummanmu. Tana da ƙuruciyarta suka taso daga wani ƙauye a ƙasar Kano, ita da mijinta, da niyyar hajji ta ƙasa. Suka daɗe a Sudan suna neman guzuri, Allah ya yi masa rasuwa a can, ita kuma hanya ta gangaro da ita Masar da goyon Umma a baya. Aikatau ta yi ta yi a gidajen mutane har ta raini 'yarta. Babanmu kuwa karatun addini ne ya kawo shi daga Zariya, ya auri Umma, ya zauna. To kin ga Iya surukarsa ce. Rufi ɗaya suke, amma ban taɓa ganin sun haɗa ido ba. Da safe zai durƙusa a bayan labulenta ya gaishe ta, ta amsa daga ciki. Sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba, sai dai "mai gidan nan". In tana da magana da shi sai ta ba Umma, Umma kuma ta tace ta tukuna kafin ta kai.

Ni bahaguwa ce. Ina ƙarama ba wanda ya damu, in na miƙa hagu cikin kwano a ɗan buge hannun, in canza, shi ke nan. Sai da na isa koyon rubutu Baba ya ga na damƙi alƙalami da hagu, ransa ya ɓaci. Ba mugu ba ne, Allah ya sani. Tsoro yake ji kada 'yarsa ta tashi a ƙasar mutane ana nuna ta da baki, a ce 'yar malami ce guda amma ba a koya mata dama ba. Ya sa Umma ta zura mini safa a hannun hagu ta ɗinke bakinta a jikin hannun rigata, ba a kwancewa sai wajen alwala da wanka.

Abin ya zo da abin da ba a zata ba. Rubutun dai bai yiwu ba, baƙaƙena kamar kaza ta bi ta kan allo. Na fasa kofi, na zubar da miya. Sannan bakina ya ɗauke. Ni da ake ce wa aku, ni da nake kwaikwayon muryar mai tallan gas da ta matar mai gadin gidanmu har Umma ta riƙe ciki, sai ga ni ina i'ina. In na buɗe baki kalma ta maƙale a wuya. Hinde ta raɗa mini suna Mai Safa, ban ma iya ramawa ba. Daga baya na daina gwadawa gaba ɗaya. Umma ta yi wa Baba magana a hankali, ya ce ma'alish, ba komai, ɗan lokaci ne, yarinya za ta saba.

Iya tana kallo. Ba ta da bakin da za ta ce wa surukinta ya yi kuskure, ko ta bakin Umma ne, don wannan ba maganar cefane ba ce, maganar tarbiyyar 'yarsa ce.

Wata rana da daddare muna bakin kasko, Baba yana ɗaki yana duba littattafansa, ƙofa a ɗan buɗe don fitilarsa ta haska mana. Hinde ta ce a yi mana ta Gizo. Iya ta ce a'a, yau ba Gizo, yau abin da ta gani da idonta za ta ba mu. Na lura ta juya kujerarta ta fuskanci ƙofar, kuma muryar ta fi ta kullum ƙarfi.

Ta ce lokacin Umma tana rarrafe, ita Iya ta yi aiki a unguwar Mohandessin a gidan wani injiniya mutumin ƙasar Ceko, wanda gwamnatinsu ta turo aikin masana'anta. Mutanen kirki, in ji ta, sai dai cin kabeji. Lokaci-lokaci akan kawo musu majigi daga ƙasarsu, 'yan'uwansu su taru a falo. Ba su da allo, sai su rataya farin zanen gado a ƙofar da ta raba falo da hanyar kicin, zanen da ita Iya ta wanke ta goge. Baƙi suna gaba, ita tana baya a kan 'yar kujera tana feraye dankali, hoton yana ratsowa tar. Ko kalma ɗaya ba ta ji. In ta ji falo ya ɗauki dariya, sai ta san an yi abin dariya. Akwai wani fim na sarakunan dā da suka fi so, sun maimaita shi har ta haddace.

"Garin nan, ƙawata," ta ce tana dubana, "kowa bahago ne. Da hagu suke gaisawa, da hagu suke zare takobi."

Hinde ta tambaya ko har sarkin ma da hagu yake cin abinci. Iya ta ce har shi, da idonta ta ga ya ɗaga cinyar kaza da hagu, Allah ya shirye shi. Muka yi a'uzubillahi.

Sarkin, in ji ta, yana da wani abin wuya fari mai lanƙwasa-lanƙwasa, kamar an huda faifai an zura kansa ciki. Fadawa ne suke ɗinka masa, kowace shekara su ƙara masa faɗi, suna ce masa girman sarki a wuyansa ake gani. Har ya zamana sai da dogon cokali yake kai abinci baki, kuma ba ya iya waiwaye. Gabansa kawai yake gani, inda suke zube suna kirari. A bayansa kuwa akwai taga mai kallon rumbunan gari, nan suke jidar hatsi buhu-buhu da rana tsaka, talakawa na kwana da yunwa.

A garin akwai wani ɗan wanzami da Allah ya yi shi da hannun dama. Shi kaɗai. Ubansa mutumin kirki ne, yana sonsa, sai dai kunyar gari ta dame shi. Ya samo jakar fata ya zura hannun yaron ya ɗaure. Yaro ya tashi yana aski da hagu: yau ya yanki kunnen liman, gobe ya kwashe wa mahauci gira ɗaya. Iya ta tashi tana gwada yadda mahaucin ya bi shi da gudu da rabin fuska, Hinde har da faɗuwa. A nan ta sassauta murya, amma ba ta yadda ba za a ji ta a ɗaki ba.

"Abin da uban bai sani ba, jijiyar hannu da ta harshe a haɗe suke. Da aka ɗaure wancan, wannan ma ya ɗauru. Yaro ya yi shiru, gida ya yi shiru, uban yana zaune yana cewa yau gidan nan me ya same shi."

Na ji an daina juya takarda a ɗakin Baba.

Rannan wanzamin fada ya gudu, aka rasa mai yi wa sarki gyaran gemu, dogarai suka cafko yaron nan. Ya dubi askar, ya dubi maƙogwaron sarki, ya san in ya yi da hagu yau kansa zai bar wuyansa. Sai ya sa haƙori ya tsinke igiyar jakar. To mai aski da dama ba ya tsayawa inda bahago yake tsayawa. Ya zagaya ɗaya ɓangaren, inda ba wanda ya taɓa tsayawa. Abin wuyan ya tare shi, ya sa aska ya ɗan tsarge ɗinkin, abu ya zube ƙasa kamar tuwon da bai nuna ba. Ya kama haɓar sarki ya juya ta wajensa, yadda kowane wanzami yake yi. Sarki ya buɗe ido, sai ga taga, sai ga waziri da buhu a ka, galadima yana tura masa ta baya.

Sauran labarin gudu ne da faɗuwa cikin kwandon gari. Aka buɗe rumbuna, mutanen gari suka fito, masu tuya da maƙera da masu wanki suka jeru suna waƙa kafaɗa da kafaɗa, wanzami a tsakiya yana ta zuba kamar bai taɓa yin shiru ba. Iya ta tono dankalinta, ta ɓare, ta ce nan zanen ya yi fari, ita kuma ta tashi wanke kofuna.

Washegari bayan asuba Baba ya kira ni. Almakashin Umma yana hannunsa. Shi da kansa ya warware ɗinkin, ya zare safar, ya riƙe hannun yana dubawa, duk ya yi laushi ya yi fari-fari.

"Rakiya, ci da sha, da gaisuwa, da miƙa wa mutum abu, da dama za ki yi. Wannan ba dokata ba ce, ba ni da ikon sassauta ta. Alƙalami da allura kuwa, khalas, shi ke nan, riƙe da wanda Allah ya ba ki."

Da ya durƙusa gaida Iya, bayan an gama lafiya lau, ya ɗan tsaya. Sai ya ce wa Umma, wadda take tsaye a gefe, ta gaya wa Iya yana gaida wanzami. Daga bayan labule aka ce a gaya wa mai gidan nan wanzami yana amsawa, ya kuma gode. Kafin sanyin ya wuce na koma kwaikwayon mai tallan gas, har Hinde tana roƙon a dawo da safar a sa mini a baki.

Ban yi nisa a makaranta ba, ni ba mai son fita ba ce. Amma hannun nan shi ya riƙe ni. Da shi nake zanen lalle, da shi nake ɗinki, matan ɗalibai daga unguwar Abbasiya har gida suke biyo ni, mu yini muna hira.

Iya ta daɗe da rasuwa, ni ma na aurar da 'yata ta fari, aka gayyace mu walimar wani ɗalibi ɗan Nijar da ya ɗauko amaryarsa daga gida. A kan rufi aka yi. Abokansa suka rataya farin zane don su nuna hotunan bikin da aka yi can, maza a gaba, mu mata a baya wajen tukwane. Na ɗaga kai sai na ga ango, yaron da na sani sarai da ladabinsa, yana miƙa wa dattawa hannun hagu. Dattawan ma da hagu suke karɓa. Rubutun da ke jikin motar amarya ya juya baya. Na tsaya da ludayi a hannu har shinkafa ta kusa kamawa. Ashe in kana bayan zane komai juyewa yake. Ashe mutanen Ceko da dama suke cin kazarsu. Ashe wanzamin nan, shi kaɗai a garin, bahago ne irina.

Ban iya jira ba, daga can gidan Umma na wuce. Na zayyana mata, ina dariya ina share ido, na ce Allah sarki Iya, ta rasu ba ta san a juye ta kalli fim ɗinta ba. Umma tana jan carbi, ta bari na gama.

"Ke dai har yanzu bakinki ya fi kanki sauri. Wa kike tsammani yake ɗaga zanen ya kai musu shayi falo?"

Tun daga ranar nake juya abin. Da Iya ta ce wanzamin bahago ne, da ta nuna surukinta da yatsa a gaban 'ya'yansa, shi kuma dole ya kare kansa. Sai ta bar labarin yadda ta fara ganinsa daga kicin, ta ɗauki Baba da hannunsa na dama ta ajiye shi a garin da damar ce abin kunya, ta bar shi ya ji yadda igiyar take ci. Ba ta yi ƙarya ba, abin da ta gani ta faɗa. Jakar fatar ce kawai nake zargin daga kanta ta fito.

'Yata ta ce in ina so za ta nemo mini fim ɗin a waya, wai a wancan zamanin ƙasar Ceko ta yi irinsu, na talaka ya fi sarki wayo. Na ce tamam, ya yi, ta nemo. Amma in za mu kalla, a rataya zane, su zauna a gaba. Ni a baya zan ajiye kujerata.