Zaren Waya a Cikin Jet

Har yau idan na ji warin kananzir gauraye da baƙin mai, sai in kau da kai. Ba ƙyanƙyami ba ne. Warin hannun mahaifina ne a shekarun fari da yunwa, lokacin ina 'yar shekara tara a gidanmu na Sabon Birni.

Mahaifina yana da tsohuwar Landiroba. A wancan lokacin aikinta ɗaya: ɗaukar duro huɗu na ruwa daga ramukan da ake tonawa a busasshen gulbi, ta kai wa kakata ta wajen uwa a rugarsu, bayan Unguwar Lalle. Rijiyoyinsu sun ƙafe. Garken da a da ke cika fili ya koma shanu bakwai, kuma ba su da ƙarfin takawa zuwa gulbi. Duk bayan kwana biyu motar take zuwa. In ba ta je ba, ba su sha ba.

Idan ba ka taɓa ganin filtar irin wannan mota ba, wata tukunya ce ta ƙarfe mai baƙin mai a gindinta. Iska na bi ta kan man, yashi ya maƙale, inji ya shaƙi mai tsabta. Amma ƙasa ta mutu a shekarun nan, ko tsiro babu da zai riƙe ta. Tafiya ɗaya, man ya zama taɓo. Kullum sai an wanke da kananzir an zuba sabo, ga mai ya yi wuya, fetur ya fi shi.

Wata ranar kasuwa mahaifina ya dawo da wata 'yar filta ta soso mai jan baki, daga wajen wani ɗan tsallaken iyaka. Ba ta buƙatar mai, in ji mai ita. Ya cire tukunyar ya ɗaura sabuwar. Injin ya yi wani kuka sakayau, mahaifina ya yi ta murmushi. Mahaifina mutum ne mai son dabara, kuma dabara ɗaya ba ta isarsa. Ya kwance kafireta, ya zaro jet, ɗan ƙarfen nan mai huda da fetur ke bi. Direbobi sun ce masa in aka sa silin waya a hudar, mota za ta rage shan mai. Idonsa bai gani sosai, ni kuwa ni ke zura wa innata zare a allura. Ya kira ni. Na zura a karo ɗaya, ya shafa kaina, na yini ina fahariya.

Wansa, wanda muke kira baba babba, shi ne bakanike na gaske a gidan. Bayan tafiyar farko ya kwance fulogi ya duba bakinsa, fari fat kamar toka.

"Ka ƙara mata iska, ka rage mata mai," in ji shi. "Wagga filta jet babba taka so, kai ko ka toshe ɗan da ag gare ta. Ƙonewa za ta yi."

"Tahiya biyu nika yi da man tahiya guda," mahaifina ya ce. "Za ni cire shi in an yi ruwa."

Baba babba ya ajiye fulogin a kan tabarma ya tashi. Na tsani wannan tashin nasa har yau. Da ya yi faɗa, da ya ƙwace sifana, da ya fi.

A tafiya ta biyar, da rana tsaka, motar na jan yashi da kaya cike, injin ya ɗau zafi ya buga. Ba gari gaba, ba gari baya. Mahaifina ya bar ta ya taka neman jakuna, amma jakunan shekarar su ma da ƙyar suke ɗaukar kansu. Kwana huɗu kafin ruwan ya isa ruga, a tulu-tulu, rabi ya tsiyaye a hanya. Mahaifina ya tarar da shanu biyar a kwance. An yanka su, naman ko kare sai ya yi tunani kafin ya ci. Biyun da suka rage ba su ga damina ba.

Kakata ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ta tattara ƙoren nononta ta dawo gidanmu da zama, matar da ba ta taɓa kwana cikin katanga ba. Mahaifina bai sake tuƙi ba. In an tambaye shi abin da ya sa injin ya buga, sai ya ce zafin rana ne. Ni kaɗai nake sunkuyar da kai.

Yanzu babura sun cika hanyar, samari na cire filta gaba ɗaya don su ji ƙara, ni kuwa tsohuwa ina ta yi musu masifa suna dariya. Bara na je wajen da rugar take. An haƙa burtsatse mai aiki da hasken rana, ruwa na malala har yara na wasa a ciki. Na daɗe tsaye ina kallon shanun wasu suna sha. A duk zuriyarmu babu mai ko maraƙi da zai kawo.