Dakashin baƙar saniya

Ni da shanu muka tashi. Mahaifina makiyayi ne, kuma kafin in iya ɗaura wando na iya tatsa. Saboda haka da yayana, ɗan wan babana, ya aiko cewa ya samo mini aiki a garken kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, a kudancin Jidda, ban ɗauki abin da wata wahala ba. Shi ne mai kula da garken, iyalinsa suna unguwar Nuzla, ni kuma aka ba ni ɗaki a jikin rumfar shanun.

Shanun ba irin namu ba ne. Na ƙasar Turawa ne, roɗi-roɗi, masu hantsa har ƙasa, ga raki, sai an kunna musu fanka an fesa musu ruwa. A cikinsu akwai wata baƙa mai farin goshi. Na tarar da labarin cewa maraƙinta na bara ya mutu, yayana ya ce zafi ne. Na yarda, don zafin Jidda ko mutum yana kayarwa.

Da ta sake haihuwa, maraƙin bai zo da rai ba, amma dakashi, wato nonon farkon nan mai kauri, sai ka ce an buɗe famfo. A wurinmu ba a zubar da dakashi. Saniyar da take da shi da yawa, ita ake tatsa a ba ɗan wadda ba ta da shi. Ga kuma firiza a ofis ba komai a ciki. Sai na tara robobin ruwa na cika su, na daskarar. Ranar har kaina ya kumbura, ina ganin na haɗa ilimin gida da na birni. Yayana ne ya riƙe mini mazurari.

Karsana huɗu suka haihu a watannin da suka biyo baya, duk 'yan farin shiga, nono kaɗan. Kowane maraƙi ya faɗo, sai in narkar da roba a ruwan ɗumi in ba shi da hannuna.

Na farkon yana da kamar kwana goma sha biyu na ga jini a wuyansa. Inda ƙuda ya ciza ne kawai, amma jinin ya ƙi tsayawa. Kunnen da aka huda aka sa lamba shi ma yana ɗiga, kashinsa ya yi baƙi. Na ɗaga leɓensa, dasashin fari fat da ɗigon ja a jiki. Kwana biyu ya mutu. Na biyu da na uku haka suka bi shi. Kafili ya zo ya tsaya can nesa da hanci a toshe, ya ce ko dukansu nake yi, ko na bar maganin ɓera a fili. Na dubi yayana don ya ce wani abu, shi kuma yana duban wayarsa.

A tsakanin mutuwar na farko da na biyu aka haifi ta huɗun, 'yar maraƙa mai baƙin tabo a ido ɗaya. Tsoro ya sa na ninka mata dakashin, wai don ta yi ƙarfi. Yayana yana jingine da ƙofar rumfa ina ba ta.

Likitan dabbobi, wani dattijo ɗan Sudan, ya zo bayan na ukun. Bai tambaye ni duka ba, bai tambayi guba ba. Ya ce me suka fara sha? Na kai shi gaban firiza da alfaharina. Ya daɗe yana kallon robobin. Sannan ya yi mini bayani a hankali, da Larabcin da zan gane. Wai a ƙasar da aka sayo shanun an taɓa yi musu wata allurar riga-kafi da tuni aka daina. A jikin wasu shanun allurar ta bar wani abu mai sauka cikin dakashi. Saniyar lafiyarta ƙalau, amma in maraƙi ya sha, abin yana iya zuwa ya cinye masa ɓargo, inda ake yin jini, har jinin ya kasa daskarewa.

"Tun bara na gaya wa ɗan'uwanka," in ji shi. "Na ce kada a ba kowane maraƙi dakashin baƙar saniyar nan, ko nata."

Na rufe firiza. Da likita ya tafi na sami yayana a bayan rumfar ciyawa.

"Yaya, ka sani?"

Ya ce bai tabbatar ba, ya ɗauka surutun likitoci ne. Da na ƙi ɗauke ido daga kansa sai gaskiyar ta fito. Shi ne ya zaɓo wa kafili shanun, ya rantse a kansu. In aka ji baƙar tana da aibi, nasa aikin ne zai tafi.

"Yarana nan aka haife su, ƙanena, ba su san ko'ina ba. In aka soke mini iƙama, takardar zamana, ina zan kai su? Halas, shi ke nan, ka rufa mini asiri, kai saurayi ne."

Takardar likita hannun yayana take shiga, don haka kafili bai gan ta ba. Ni ma ban faɗa ba, saboda yaran, kuma har yau ban san ko daidai na yi ba. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne tsayuwar nan da ya yi a bakin ƙofa, bayan maraƙi ɗaya ya riga ya mutu. Kalma ɗaya ta isa, ko da ƙarya ce, ko ya ce mini nonon ya lalace.

Na zubar da sauran robobin, na koma gadin 'yar maraƙar. Na rataya mata gidan saurona, ina kore mata ƙuda da kwali. A kwana na sha uku, da hantsi, na shafa bayanta, tafin hannuna ya dawo ja. A ƙarshen makon kafili ya sallame ni.

Na yi shekara biyu ina dako a unguwar Kurayyat kafin in je gida. Na tarar labari ya riga ni. Mahaifina, wanda ya koya mini tatsa, bai bari na ajiye jaka ba ya ce yayana ya bugo waya tun tuni, ya ba da haƙuri a madadina. Sannan ya tambaye ni, murya ƙasa-ƙasa, yaya aka yi ɗansa ya bar maganin ɓera kusa da maruƙa.