Ɗakin Baba a Kan Taya

Da sunan Allah nake farawa, Shi ke kai matafiyi, Shi ke dawo da shi.

Liman na sallame sallar asuba muka tashi daga Agege, ana yayyafi. Mu huɗu ne: ni, da ƙanena, da direbanmu, wani Bayarabe mai yawan dariya, sai mahaifinmu kwance a ɗakin da muka gina masa a bayan mota. Ɗaki na ce, ban ce rumfa ba, kuma ba zan janye ba. Waɗanda suka tsaya a bakin masallaci suna girgiza kai sun san kansu, sun kuma san abin da suka faɗa. Wani ya ce makara na yi wa taya. Yayarmu ta riƙe ƙofar mota tana kuka, tana cewa, "Malam, ka ji tsoron Allah. Mutumin da ba ya iya juyawa a kan tabarma, shi za ka kai bayan kogin Kwara?" Baba ne ya amsa mata daga ciki: "Saki ƙofar, uwata. Mai ɗaukar rai bai taɓa ɓatan hanya ba. In yana nemana, zai same ni a can kamar yadda zai same ni a nan."

Ga wanda bai san asalin maganar ba, ga ta. Baba ya gangaro Kudu yana saurayi, a ƙasa, a bayan shanun wani, tun jirgin ƙasa bai haɗa Kano da Ikko ba. Ya zauna a Agege, ya kama sana'ar goro, a nan ya haife mu. Shekarun baya ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Bana wani mai shanu ya kawo labari cewa ƙanwarsa, wadda ya baro ba ta ko iya ɗaurin zane ba, tana nan da rai a ƙauyensu can ƙasar Kwantagora, ta tsufa, idonta ya tafi. Tun ranar Baba ya daina cin abincin kirki. Abu ɗaya yake so, ya ji muryarta kafin ɗayansu ya riga ɗaya. Jirgi ba ya zuwa ƙauyen, kuma wanda ba ya iya zama ba zai iya da bencin tarago ba. Sai na ce to, tunda Baba ba zai iya barin ɗaki ba, ɗakin ne zai tafi da shi.

Motar tsohuwar motar soja ce ta bayan yaƙi, wadda muke kwaso goro da ita daga ƙauyuka zuwa tasha. Wani kafinta a Ebute Meta ya tayar mata da bango na katako, ya rufa kwano, muka bi kowace kafa muka toshe da kwalta, ko allura ba za ta shiga ba. Gadon ba mu kafa shi a ƙasa ba, ratayewa muka yi da igiya ta kusurwa huɗu, muka ɗaure shi da robar cikin taya, in mota ta faɗa rami sai ya yi lilo a hankali kamar goyo. Randar ruwa kuwa muka zaunar da ita a cikin tsohuwar taya da aka cika da yashi. Murhu kuwa daro ne, shi ma da yashi da duwatsu uku, ba a hura shi sai an tsaya. Akwai durom na ruwa ɗaure a bayan kan mota, da 'yar rariya a ƙasa inda ruwan alwala ke bi ya fita, da tsani mai naɗewa, da gidan sauro, da kanta mai baki don kada littattafansa su zubo. Amma abin da Baba ya fi so duka shi ne igiya guda da muka sako saitin ƙirjinsa, yana kama ta da hannun dama ya ɗago kansa ba tare da ya kira kowa ba. Sai ƙaramar ƙararrawa a gaban direba, zarenta na hannun Baba.

Daga Agege zuwa Abekuta ruwa ne kamar da bakin ƙwarya. Kwano na ta kiɗa, ciki kuwa ko ɗigo babu. Na yi ta leƙa rufin nan ina jin daɗi, ina cewa a raina da masu girgiza kai sun zo sun gani. A Badun muka tsaya wajen 'yan uwanmu Hausawa na unguwar Sabo, suka cika mu da tuwo da tambaya. Wani dattijo ya hau tsani, ya dudduba, ya sauko ya ce, "Saura rijiya da bishiyar kuka, sai a naɗa masa mai unguwa." A Oyo doya ta yi arha har na ji kunyar tayi. Man mota ne dai kullum muka ƙara gaba sai ya ƙara tsada, kamar shi ma hawan tudu yake yi.

Sallarmu ta ƙasaru ce, kuma Baba a kwance yake yin tasa, bisa ɓarin dama. Tunda ba a juya gadon, motar ake juyawa. Duk inda lokaci ya yi, sai direba ya nemi fili, ya yi gaba ya yi baya ina duba rana ina masa nuni da hannu, har fuskar Baba ta kalli gabas. A Ogbomosho yara suka taru suna kallo. Direba ya leƙo ya ce, "Oga Malam, motar nan kafin mu koma Ikko sai ta iya tahiya." Ƙararrawa kuma ba ta hutawa. In Baba ya ga kasuwa ta tsagar ƙofa sai ya kaɗa, a tambayo masa nawa ake sayar da goro a nan. In an faɗa masa sai ya ce, "Ɓarayi," ya koma ya kwanta.

Bayan Ilori kurmi ya fara buɗewa, itatuwa suka gajarce, ruwan sama ya tsaya a bayanmu. A Jabba muka jira jirgi ya wuce, domin gadar ɗaya ce, mota da jirgi ke rabonta. Da muka hau, Baba ya sa aka buɗe masa ƙofa. Ya kama igiyarsa, ya ɗago, ya daɗe yana kallon Kwara. Ya ce a zamaninsu wutsiyar sa ake kamawa a faɗa ruwa, wanda ya saki ya tafi ke nan. Ni da ƙanena kuwa ranar muka fara ganin wannan kogi, ko da yake goronmu ya sha ƙetare shi. Haihuwar Agege ne mu, ruwan sama muka sani, shi muke tsoro, shi muka yi wa shiri. Ba mu san bazarar Arewa ba.

Wajen Mokwa rana ta miƙe tsaye. Baba ya kore mu daga ɗakin tun da hantsi, ya ce mu bar shi ya yi lazimi, muka matsu a gaba inda iska ke shigowa ta taga. Muna cikin hira direba ya ce, "Oga Malam, tsoho bai zagi kowa ba tun ɗazu." Sai na lura mun wuce kasuwa biyu ƙararrawa ba ta motsa ba. Na ce ya tsaya. Da na buɗe ƙofar nan, zafin da ya dake ni a fuska irin na gidan burodi ne. Kwalta ta narke tana ɗiga. Baba na kwance, hannunsa ya saki zaren, leɓɓansa sun bushe, jikinsa kamar garwashi kuma ko gumi babu.

Muka sauko da shi ƙarƙashin wata kaɗanya a bakin wani ƙauye. Muka yi ta shafa masa ruwan randa, ina ɗiga masa a baki da yatsa, ina karanta abin da ya sawwaƙa. Ƙanena ya fashe da kuka ya ce, "Yaya ta faɗa, Malam. Mu juya tun da sauran numfashi." Direba kuwa ya riga ya juya kan mota Kudu. Na ce masa ya mayar da ita yadda take. Na ce ba hanya ce ta kayar da Baba ba, rufi ne, kuma rufi da guduma aka buga shi, da guduma za a cire shi.

Ina durƙushe a wurin tunanin sana'armu ya faɗo mini. Wane mai goro ne zai kulle huhun goronsa a ƙarƙashin kwano da rana? Goro ganye yake so, da jiƙaƙƙen buhu, da inuwa, da iska mai wucewa. Abin da muke yi wa goro tun muna yara, shi muka hana ubanmu. Na hau kan mota da kaina na fara ɓamɓarar kwano, yana ƙona mini tafin hannu. Mutanen ƙauyen suka fito kallo. Na ce wa mai garin ina son zana da asabari, ga kwano a madadinsu. Ya dube ni, ya dubi kwanon, ya ce, "Malam, lafiyarka kuwa?" Ya sa aka kawo da sauri kafin hankalina ya dawo. Muka shimfiɗa zana biyu a sama da 'yar tazara tsakaninsu, muka ciccire katako ta gefe da gefe muka sa asabari, muka jiƙa buhunan goron da ke cikin mota muka rataya a bayan asabarin.

Wajen la'asar Baba ya buɗe ido. Wata tsohuwa ta dama masa fura mai ruwa-ruwa, ya sha kaɗan, ya huta, ya ƙara. Ya kalli motar ya ce, "Kun cire tanderun?" Na ce, "Baba, ashe ka sani?" Ya ce, "Tun a Agege na gani. In na yi magana sai an ce a sake gini, kafin a gama yayarku ta tara mini malaman unguwa sun hana tafiyar. Gara in gasu a hanya." Ƙanena yana hawaye yana dariya. Ni ban yi dariya ba, sai daga baya.

Muka kwana biyu a nan har ya murmure, sannan muka ci gaba. Da mota ta ɗauki gudu, iska ta bi ta cikin jiƙaƙƙun buhunan nan, ɗakin ya yi sanyi kamar gindin randa. Duk rafin da muka samu sai mu tsaya mu sake jiƙa su. Yanzu kuma faɗa ake yi kan wanda zai zauna a baya. Bayan Kwantagora muka bar babban titi, muka bi turbar jakuna, wani wuri sai mun sauka da adda mun sare reshe. Ƙararrawa ta dawo aiki, amma ba don goro ba. Baba ke nuna hanya: a bi ta hagun dutsen can, akwai tsamiya a gaba. Wani lokaci tsamiyar na nan, wani lokaci sai kututture.

Mun shiga ƙauyen da hantsi. Aka fito da gwaggonmu, 'yar ƙaramar tsohuwa, jikarta na riƙe da sandarta. Ba ta iya hawa tsani, shi ba ya iya sauka, sai muka kwance gadon muka sauko da shi har gabanta. Ta tsaya tana karkata kunne. Baba ya ce, "Ke, har yanzu ba ki iya gaida manya ba?" Sai ta saki sandar. Can ta durƙusa, ta lalubo fuskarsa, ta bi goshi, ta bi gemu. Ta ce, "Ina madubin da ka ce za ka kawo mini daga Kudu?" Ya ce, "Yana cikin kaya." Ta ce, "Ka kyauta. Ka bari sai da idon ya tafi." Suka yi dariya, daga nan dariyar ta zama wani abu, muka ba su wuri.

Mun yi kwanaki a can. Baba ya ci tuwon dawa da miyar kuka har yana neman ƙari. Ranar da muka shirya komawa, na je ɗaukarsa, ya riƙe hannuna ya ce, "Cewa na yi ka kawo ni. Ka ji na ce ka mayar da ni?" Na yi magiya, na kawo maganar Yaya, na kawo ta jikoki. Ya ce Agege ta ci ƙuruciyarsa da ƙarfinsa, ta bar wa wannan tsohuwa ragowar. Na haƙura. Na kwance gado da igiya da gidan sauro da ƙararrawa, na ɗaura su a ɗakin da ke kusa da nata, fuskarsa na kallon gabas. Na durƙusa ya dafa kaina.

A komowa ruwa ya tare mu tun daga Ilori, zana ta yi ta yoyo, muka iso Agege jiƙe sharkaf bayan la'asar. Da mutane suka ga ɗakin wayam sai salati ya tashi, wasu har sun fara cire hula. Na tsaya a kan tsani na ce kowa ya adana ta'aziyyarsa, Baba na nan da ransa, yana cin tuwo yana zagin masu tsadar goro.

Abin da na koyo ba shi da yawa. Wanda zai zauna a mota ya gina ta don inda za shi, ba don inda ya fito ba, ya kuma tafi da guduma. Na yi kuskure a rufi, ban yi kuskure a tafiya ba, kuma wanda bai taɓa barin bakin masallaci ba ba shi zai gaya mini bambancinsu ba. Tsoho kuma ba kayan ajiya ba ne. In ya ce ga inda ransa yake, a nemi taya.

Yaya ta daɗe ba ta amsa gaisuwata. Ta ce na raba ta da ubanta, kuma ban musa ba, domin ni ma kullum na wuce ƙofar ɗakinsa sai ƙafata ta tsaya. Shekaranjiya da safe na fito na same ta tsaye a jikin motar, tana taɓa asabarin. Ba ta dube ni ba ta ce, "Wannan tsanin naka ba zai ɗauke ni ba. Ka sa a yi mai faɗi."